Kuɗin goron da aka yi wa ƙudurorin mata

Yayata tana auren mutumin Damagaram yau shekara 23. Tela ne, yana da keke huɗu a shagonsa a Kano, yaran da suka koyi ɗinki a hannunsa kuwa sun fi a ƙirga. 'Ya'yansu shida, duk a nan aka yanke musu cibiya. Idan ladan ya yi tafiya, shi ke kiran sallar asuba a masallacin layinsu. Ƙanenmu kuma, autan gidanmu, ya ɗauko amarya daga Maraɗi shekara uku da suka wuce. Gida ɗaya, iyaka ɗaya aka tsallaka, aure iri ɗaya aka ɗaura da waliyyi da shaidu da sadaki.

Ranar da aka sanar cewa ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata, a ƙarshen Janairun 2025, yayata ta kira ni bayan isha'i. Ta ce, "Kai da ka yi boko, faɗa min, yanzu zaman Malam a nan yaya yake?" Na ce, "Yaya, kwantar da hankalinki, an ce ba a hana kowa zirga-zirga ba tukuna." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Tukuna fa ka ce." Daga nan ta tambaye ni ko aurensu ba ya ba shi takardar zama ɗan ƙasa, tunda ta ji an ce amaryar auta tana iya nema. Dole na gaya mata gaskiya: amaryar auta tana da wannan ƙofa, mijinta ba shi da ita.

Abin yana rubuce a sashe na 26 na kundin tsarin mulkin 1999. Duk matar da ta auri ɗan Najeriya tana iya neman a yi mata rajistar zama 'yar ƙasa. Ba a ambaci mijin 'yar Najeriya ba ko da kalma ɗaya. Abin da ya rage masa shi ne sashe na 27, ƙofar da kowane baƙo ke bi: sai ya yi zaman shekara 15, sai gwamnan jihar ya shaida cewa jama'ar wurin sun karɓe shi, sai an gamsu zai amfani ƙasa, sannan takardu su yi ta yawo har teburin shugaban ƙasa. Attajiri mai lauyoyi zai iya bin wannan layi. Tela mai keke huɗu kuwa, da wuya. Ma'anar abin a wurina ita ce, zaman ƙanena ɗan ƙasa yana da nauyin da zai iya jawo matarsa ciki, na yayata kuma bai kai haka ba, alhali uwa ɗaya uba ɗaya suka haife su a ɗaki ɗaya.

Gyaran sashe na 26 ɗin nan yana cikin ƙudurori biyar da suka shafi mata da Majalisar Dokoki ta Tarayya ta kaɗa wa ƙuri'a ranar 1 ga Maris, 2022, cikin ƙudurori 68 na gyaran tsarin mulki. Ɗaya na zama ɗan ƙasa ne ga mijin 'yar Najeriya. Ɗaya na bai wa matar aure damar zama 'yar asalin jihar mijinta bayan shekara biyar da aure. Sauran ukun na rabon kujeru ne: kujeru na musamman a majalisu, kaso a shugabancin jam'iyyu, da kaso a ministoci da kwamishinoni. Aisha Buhari ta je majalisar da kanta lokacin da ake miƙa rahoton kwamiti, Dolapo Osinbajo, matar Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, ita kuma tana zaune a wurin ranar ƙuri'a. Babu ko ɗaya cikin biyar ɗin da ya samu amincewar majalisun biyu. Washegari mata suka tare ƙofar majalisa, suka kwashe kwanaki a rana. Ranar 8 ga Maris Majalisar Wakilai a ƙarƙashin Femi Gbajabiamila ta janye matsayinta a kan uku daga ciki, da alkawarin sake duba su. Da Shugaba Buhari ya sa hannu a kan gyare-gyare 16 a Maris na 2023, an bai wa jihohi iko a kan jirgin ƙasa da lantarki da gidajen yari, amma ko layi ɗaya na ƙudurorin nan bai shiga ba. Ta leƙo ta koma.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka karɓi labarin a nan gida. A majalisar da nake zama da yamma, wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce, "Alhamdu lillahi, an watsar da dokar da za ta daidaita mace da namiji a gado." Mutane suka gyaɗa kai. Na ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, babu maganar gado a cikin ƙudurorin nan." Ya ce ai duk tafiyarsu ɗaya. To, a nan gizo ke saƙar. An yi wa abubuwa biyar mabambanta kuɗin goro, an lulluɓe su da kalma ɗaya, daidaito, kalmar da kunnuwanmu suka riga suka ɗauka a matsayin hari ga addini.

Ba na ganin laifin dattijon nan gaba ɗaya, domin ruwa ba ya tsami banza. A Maris na 2016 Sanata Biodun Olujimi ta kawo wani ƙudiri na daidaita dama tsakanin maza da mata, Majalisar Dattawa ta yi fatali da shi. A cikinsa akwai batun gado da aka rubuta ba tare da la'akari da Musulmi ba, kuma a ƙarshen shekarar Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya fito fili ya ce ba za a yarda da shi ba. A wannan gaɓa ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Rabon gado Allah ne ya yanka shi a Suratun Nisa'i, babu majalisar da ke da hurumin taɓa shi. Masu fafutukar nan sun yi kuskure babba da suka ɗauki abin da suka san ba za mu haɗiya ba suka cusa a tsakiyar abin da za mu iya karɓa, kuma har yau ana biyan bashin wannan kuskure. Suna kuma da wani laifin: yawancin tarukansu a manyan otal na Abuja ake yi, da Turanci, sai an gama a aiko mana da hotuna. Ban taɓa jin an zauna da malaman Islamiyya mata, ko da limamanmu na unguwa, an karanta musu ƙudiri layi-layi da Hausa ba.

Sai dai tsoron da aka shuka a 2016 bai kamata ya hana mu karanta takardar 2022 ba. Aure da saki da gado da wasiyya da waƙafi da riƙon yara na Musulmi suna da matsuguninsu a kundin, sashe na 262 da na 277 sun danƙa su ga Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Babu ƙudiri ɗaya cikin biyar ɗin da ya kusanci waɗannan sassa. Abin da ake magana a kai shi ne mu'amalar hukuma da 'yan ƙasarta: wa take bai wa takarda, wa take ɗauka aiki, wa take kora, wa take yarda ya wakilci jiha. Hukumar nan tana karɓar haraji daga mai ƙosai kamar yadda take karɓa daga mahauci, ba ta taɓa yi wa mace rangwame a kuɗin fasfo ko kuɗin makaranta ba. Idan wajen karɓa ba ta bambanta, ban ga hujjar da za ta sa ta bambanta wajen bayarwa ba.

Wani zai ce ai sashe na 42 ya riga ya hana nuna bambanci saboda jinsi, me kuma ake nema? Gaskiya ne sashen yana nan, kuma ya yi aiki. Da shi Kotun Ƙoli ta yi hukunci a Afrilun 2014, a shari'ar Ukeje, ta rushe al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta. Duk Musulmin da ya ji wannan hukunci ya kamata ya yi murna, domin hakki ne da addininmu ya bai wa 'ya mace fiye da shekara 1,400 da suka wuce, kuma muna sane da cewa ko a cikinmu akwai 'yan uwa maza da ke danne gonakin ƙannensu mata da sunan riƙo. Kotu ce kuma a Fatakwal, a 2009, ta soke sharaɗin cewa sai matar aure ta kawo wasiƙar izinin miji kafin hukumar shige da fice ta ba ta fasfo.

Amma sashen yana da ɓaraka a gindinsa. Ƙaramin sashe na uku ya ce hanin bai rushe dokar da ta sa sharuɗɗa wajen naɗa mutum muƙamin gwamnati, ko ɗaukarsa soja ko ɗan sanda ba. Wato wurin da hukuma ta fi ƙarfin yin son kai, nan aka bar mata taga a buɗe. Ku duba dokokin aikin 'yan sanda da muka gada. Ƙa'ida ta 124 ta ce 'yar sanda ba za ta yi aure ba sai ta rubuta wa kwamishina takardar neman izini, ta ba da sunan manemin nata a bincike shi, kuma sai ta cika shekara uku a bakin aiki. Abokin aikinta namiji kuwa, yau ya ga yarinya gobe ya tura magabata, babu mai tambayarsa. Ina tambayar malamanmu: a wane littafin fiƙihu kwamishinan 'yan sanda ya zama waliyyi? Wannan doka ce da ke jinkirta sunna, kuma mata ne kaɗai take jinkirta wa. Sai da aka kai ƙara Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ce ta saɓa wa tsarin mulki a 2012. Ƙa'ida ta 127, wadda ke korar 'yar sandan da ta yi ciki ba aure ta bar namijin da ya yi cikin da kakinsa ko da shi ma ɗan sanda ne, sai a Janairun 2023 kotun ma'aikata da ke Akure ta soke ta. Shari'ar Musulunci ba ta taɓa cewa laifin zina na mace ne ita kaɗai ba.

Kowane ɗaya daga cikin nasarorin nan, sai da wata mace ta sayar da abin hannunta, ta yi shekaru tana safa da marwa a kotu. Shari'ar Ukeje ta haura shekara 30 kafin ta ƙare. Mace nawa ce a Ɓaɓura ko Illela za ta iya wannan? Shi ya sa nake ganin gyaran rubutun kundin ya fi jiran alƙali. Kuma akwai abin da alƙali ba zai iya ba ko ya so: sashe na 26 shi kansa tsarin mulki ne, kotu ba ta rushe wani sashe na kundin da wani sashen. Majalisa ce kaɗai ke da wuƙa da nama a nan.

Batun asalin jiha shi ne wanda na fi so mu tsaya a kansa, don babu dangin da bai taɓa ba. Mu ne muke cewa mace ba ta da gari sai garin mijinta. Ranar kai amarya, gwaggonni suna kuka suna yi mata nasiha cewa daga yau can ne gidanki, ko gawarki daga can za a ɗauka. Ta tafi, ta haihu, ta yi jikoki, ta binne surukanta. Ranar da aka buɗe gurbin aiki ko muƙami, ta je sakatariyar ƙaramar hukuma neman takardar indijin, sai a dubi fom a ce, "Hajiya, ai ke ba 'yar nan ba ce, ki koma jihar mahaifinki." Ta koma can, a ce, "Ai kin yi aure kin bar mu, je ki wurin mijinki." Ba ga tsuntsu ba ga tarko. Na ga wannan da idona a kan wata malamar asibiti, matar abokina, wadda ta yi shekara 18 tana karɓar haihuwa a jihar mijinta. Da lokacin ƙarin girma zuwa shugabancin sashe ya zo, sai aka tuna inda aka haifi mahaifinta. Ta nuna min fayil ɗinta, an ja layi da jan biro a ƙarƙashin sunan jihar.

Abin bai bar manya ba. A Nuwamban 2012 an dakatar da rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara saboda an haife ta 'yar Anambra, ta auri ɗan Abiya, ta yi aikinta a Abiya, aka ce ba za ta ci gurbin Abiya ba. Wadda ta dakatar da rantsuwar ita ce Aloma Mukhtar, mace ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya, kuma ƙa'idar rabon muƙamai da ta tarar a rubuce ta bi. Sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce kafin a rantsar da ita. A 2020 majalisar dokokin Kuros Riba ta ƙi tabbatar da Mai Shari'a Akon Ikpeme a matsayin babbar jojin jihar saboda tushenta na Akwa Ibom, duk da cewa mijinta ɗan jihar ne kuma a nan ta yi aikinta, sai a farkon 2021 aka tabbatar da ita. Idan alƙalai sun sha wannan, ina ga malamar firamare? Ƙudirin da aka kayar cewa kawai ya yi, bayan shekara biyar da aure, jihar mijinta ta karɓe ta. Abin da al'adarmu da addininmu suka daɗe suna faɗa kenan, doka ce ta ƙi bin su.

Game da mijin 'yar Najeriya, hujjar da na fi ji ita ce tsaro: baƙi za su riƙa auren 'ya'yanmu don su samu takarda. Amsar tana cikin sashen kansa. Rajista ba ta zuwa kai tsaye da ɗaurin aure, sai shugaban ƙasa ya gamsu da halin mutum, ya ga niyyarsa ta zama a ƙasar, sannan ya yi rantsuwar biyayya. Waɗannan sharuɗɗa za su hau kan miji kamar yadda suke kan mata, ana ma iya ƙara adadin shekarun aure. Nijar, wadda kusan duk mutanenta Musulmi ne, ta gyara dokarta a 2014 ta bai wa mace damar mijinta baƙo ya samu zama ɗan ƙasa ta dalilinta. Sanagal ta riga ta a 2013. Ban ji an ce addini ya ragu a Yamai ko a Tuba ta Sanagal saboda haka ba.

Kujeru na musamman kuwa, ina goyon baya, amma da tsoro a raina. Lissafin ya isa ya kunyata mu: bayan zaɓen 2023 mata huɗu ne a cikin sanatoci 109, a Majalisar Wakilai mai mutum 360 ba su kai 20 ba, jihohi fiye da goma kuma babu mace ko ɗaya a majalisunsu, har da Kano mai kujeru 40. Alhali ranar zaɓe layin mata ya fi tsawo, da goyo da buta da tabarma. Sabon ƙudirin da Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai Benjamin Kalu ya jagoranta, wanda ya tsallake karatu na biyu a Yulin 2024, yana neman ƙarin kujera ɗaya ga kowace jiha da Abuja a kowace majalisar tarayya, da uku-uku a majalisun jihohi. Tsorona shi ne kujerun su koma hannun matan gwamnoni da 'ya'yansu, domin mai kuɗin sayen daliget shi ke fitar da ɗan takara, namiji ne ko mace. Duk da haka Nijar ta kafa dokar ware wa mata kaso a 2000, ta ɗaga shi zuwa kashi 25 cikin 100 na zaɓaɓɓu a 2019, Sanagal kuma tun dokar 2010 mata suka haura kashi 40 cikin 100 a majalisarta. Wanda bai gamsu da kujerun ba yana da damar ƙi, ba zan ce masa maƙiyin mata ba. Roƙona kada ƙin kujera ya ja takardar indijin da takardar zama ɗan ƙasa su faɗi tare da shi.

Amurka ta nuna yadda tsoro ke cinye irin wannan gyara. Tun 1923 aka fara gabatar da ƙudirin hana bambanci saboda jinsi a can, majalisarsu ta amince a 1972, ana neman jihohi 38. Sai wata mai adawa da ƙudirin, Phyllis Schlafly, ta zagaya tana gaya wa matan gida cewa za a kwashi 'ya'yansu mata zuwa yaƙi, za a kuma sauke wa miji nauyin ciyarwa. Aka tsaya a jihohi 35 har wa'adi ya ƙare a 1982. Layi ɗaya ne mai faɗi, kowa ya zuba masa abin da yake tsoro. Namu ya fi wuya ta wani gefen, don taɓa sashe na 42 sai da kashi huɗu bisa biyar na kowace majalisa, tunda yana babin hakkokin ɗan Adam. Amma sashe na 26 kashi biyu bisa uku yake buƙata, sanatoci 73 da wakilai 240, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36. Jihohin Arewa 19 ne. Ba za a kai 24 ba sai da mu, kuma idan 13 suka ƙi, magana ta mutu. Makullin yana aljihunmu.

Mun taɓa tsayawa a irin wannan mararraba. Matan Kudu sun yi zaɓen 1959, iyayenmu mata na Arewa kuwa sai a 1976 aka ba su ƙuri'a. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan wannan magana, ana ce mata ta fita daga tarbiyya, ana cewa fitar mata rumfar zaɓe zai rusa gidaje. Yau babu ɗan takarar da zai yarda a hana matan mazaɓarsa fita, shi ke aiko musu da mota da atamfa.

Don haka abin da nake nema a wurin 'yan majalisarmu ƙarami ne. A ware kowane ƙudiri shi kaɗai. A fassara shi da Hausa da Fulatanci da Kanuri, a karanta a rediyo, a kai wa majalisun malamai su duba, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa bai shafi dokokin iyali na Musulmi ba. Sannan kowane wakili ya dawo mazaɓarsa ya faɗi yadda ya kaɗa ƙuri'arsa da dalilinsa, don ƙin da aka yi a 2022 daga Kudu da Arewa ya fito, kuma har yau yawancinmu ba mu san wanda ya danna na'am da wanda ya danna a'a ba. Ni na riga na rubuta wa namu wasiƙa a kan sashe na 26, na kai ofishin mazaɓa da hannuna, na sa yayata ta dangwala a ƙasan sa hannuna.

A zaɓen 2023 mijinta ne ya goya ta a babur ya kai ta rumfa, tare da babban ɗansu da ya yi ƙuri'arsa ta farko. Ya jingina babur a gindin darbejiya, ya riƙe mata jaka da ƙaramar 'yarsu, ya zauna jira daga hantsi har azahar. Da wani jami'i ya ce masa, "Malam, ka shiga layi mana," sai ya yi murmushi ya ce rakiya ya yi.